Yawon Sallah da Iyali a Bauchi: Yadda Za Ka Tsara Kwanakin, Daga Ƙofar Fada Zuwa Wikki

Hutun Sallah gajere ne. Gwamnati takan ba da kwana biyu, in an yi sa'a ya haɗe da Asabar da Lahadi ya zama huɗu, kuma a cikin waɗannan kwanakin ake so a je Idi, a gaida iyaye da surukai, a ga hawa, a kuma kai yara wani wurin da za su riƙa ba da labarinsa in an koma makaranta. Wuraren zuwa ba su yi wa Bauchi kaɗan ba. Abin da ke ɓata wa magidanta tafiya shi ne haɗama: a so a yi komai a rana ɗaya, da yara cike da bayan mota, rana kuma tana dukan tsakar ka. Shawarata tun daga farko ita ce fita babba guda ɗaya a kowace rana, kuma a auna ta da ƙarfin ƙaramin yaron da za a tafi da shi. In autan gida ya gaji, yawon kowa ya ƙare.

Mataki na farko: mako guda kafin Sallah

Fara da duba lokacin da Sallar ta faɗo. Kalandar Musulunci tana ja da baya da kimanin kwana 11 a kowace shekara, don haka a 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana zuwa a watan Maris, a bakin bazara, Babbar Sallah kuma a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, lokacin da damina take saukowa. Wannan bambanci yana shafar komai. A bazara zafi ne abin tsoro, amma lokacin ne namun daji suka fi fitowa fili. A farkon damina gari ya yi sanyi, sai dai hadari kan taso da la'asar ba sallama, ga aikin layya da ke cinye ranar farko da rabin ta biyu. Masu fita a hutun Kirsimeti da sabuwar shekara kuwa hunturu za su tarar, sai a tanadi rigar sanyi, man shafawa da hular kunne saboda yara.

Sannan kuɗi. Ka zauna da uwargida ku ware kuɗin yawo daban da na ɗinki, daban da na cefane, daban da na goron Sallah. In ba a ware shi ba, tela da mai kaji za su cinye shi tun kafin a ga wata. Ka ciri tsabar kuɗi tun da wuri, da canji ƙanana, domin ranar jajibiri layin na'urar cire kuɗi yakan yi tsawo, masu POS kan ƙara caji, tiransifa kuma takan maƙale daidai lokacin da kake tsaye gaban mai kaya.

In da motarka za a yi tafiya, a wannan makon za ka kai ta wurin bakanike. A duba birki, tayoyi har da safaya, ruwan lagireto da fitilu. Ranar Sallah garejin da ka sani a rufe yake. In kuma shata za ka ɗauka zuwa gandun dajin Yankari ko na Sumu, ku yi ciniki da direba tun yanzu, ku tsayar da magana a kan lokacin tashi da na dawowa, da wanda zai biya kuɗin shigar mota a ƙofa.

Abu na ƙarshe a wannan mako shi ne sauraro. Masarautar Bauchi takan sanar da tsarin hawa kafin Sallah, da hanyoyin da Mai Martaba zai bi, kuma gidajen rediyo irin su BRC, Globe FM da Albarka sukan yi ta maimaita sanarwar. Kada ka dogara da tsarin bara. Akan sauya lokaci, wata shekarar ma akan taƙaita hawan ko a ɗage shi.

Mataki na biyu: ranar Idi ta gida ce

Kada ka sa wata doguwar tafiya a wannan rana. A je Idi, a dawo, a ci tuwon Sallah, a zaga gidajen iyaye da kakanni. Wannan kaɗai ya ishi yaro gajiya. In babban filin Idi za ku, ku fita da wuri, ka ajiye mota nesa kaɗan ta inda za ka iya fita ba sai ka jira cunkoso ya watse ba. Kafin a bar gida, a rubuta sunan uba, unguwa da lambar waya a takarda, a sa wa kowane ƙaramin yaro a aljihu ko a maƙala masa da fil a cikin riga. Wanda ya yi wayo a sa ya haddace lambar. A kuma raba yara: kowane babba da ƙaramin da ke hannunsa, a faɗa a fili kowa ya ji. Yara sun fi ɓata a hannun taron manya, inda kowa ke zaton yaron yana wurin wani.

'Yan mata da sarƙa da 'yan kunne na zinari, a bar su a gida sai an zo zaman hoto.

Mataki na uku: kallon hawa

Wannan shi ne zuciyar Sallar Bauchi, kuma ba a biyan ko kwabo. Garin da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a farkon ƙarni na 19 yana nan da tsarinsa: fada da babban masallaci a tsakiya, unguwanni kewaye da su, sai sunayen ƙofofin tsohuwar ganuwa, Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nasarawa, Ƙofar Jahun, Ƙofar Wambai da sauransu, waɗanda har yau da su ake kwatance. A kwanakin hawa hakimai kan shigo daga ƙasashensu da dawakai da makaɗa, su yi jerin gwano, kowa da irin adonsa, kafin Mai Martaba Sarkin Bauchi, Alhaji Rilwanu Sulaimanu Adamu, wanda ke kan gadon tun 2010, ya fito a ƙarƙashin laima.

Mai iyali yana da zaɓi biyu. Ko dai ƙofar fada, inda ake yin jahi, wato mahaya su sukwano dawakai su yi wa sarki jinjina, ko kuma bakin ɗaya daga cikin titunan da ayarin zai ratsa. In kana da yara ƙanana, na biyun nake ba ka shawara. A ƙofar fada kallon ya fi armashi, amma turmutsitsin ya fi yawa, ƙura ta fi tashi, fita kuma sai an gama. A bakin titi za ka ga kowace tawaga daki-daki tana wucewa a gabanka, in yaro ya soma kuka ka sulale ta lungu ka tafi. Mafi alheri ma shi ne ka tuna da wani ɗan uwa ko aboki da gidansa ko shagonsa ke kan hanyar ayarin, ka kira shi tun kafin Sallah. Akwai inuwa, akwai bayan gida, akwai inda mai goyo za ta zauna ta shayar. Duk wanda ya taɓa tsayawa da yaro mai jin fitsari a tsakiyar taro ya san darajar wannan.

Ku isa awa guda kafin lokacin da aka sanar, tun ba a rufe hanyoyi ba. Keke Napep ya fi mota sauƙi a wannan rana, ya sauke ku kusa ku ƙarasa da ƙafa. Ku nemi wurin da bango yake bayanku, kada ku tsaya a kan kwana ko bakin mararraba, domin a nan doki ya fi kauce wa layi. In dogarai suka ce a ja baya, a ja baya. Ba wulaƙanci ba ne, sun fi ka sanin dokin da ke tahowa.

Ka shirya wa yara kunnuwansu tun daga gida. Ka gaya musu za a harba bindigogin gargajiya, ƙarar za ta yi yawa, ba faɗa ake yi ba. Jariri da yaron da ke da asma ko ciwon kunne, gara su zauna gida da wani babba, saboda hayaƙin albarushi da ƙura.

Ina roƙon iyaye abu guda a nan: kada ku bar yara su yi kallon tsuru. Ku nuna musu abin da suke gani. Ga 'yan lifida, ga masu sulke, ga zagage da ke tafiya a ƙasa gaban dokin ubangidansu, ga mai algaita da kumatunsa a cike, ga kakaki wanda ba a busa wa kowa sai sarki. In maroƙi ya ambaci Galadima ko Madaki ko Ciroma ko Wambai, ka gaya wa yaron cewa sarauta ce mai aikinta da tarihinta. In akwai dattijo a kusa, ka ce, "Baba, wannan tawagar ta wane ce?" Za ka sha mamakin irin bayanin da zai biyo baya, har da sunan kakan mai dokin. Yaron da aka yi wa wannan bayanin ba zai manta da hawan ba, badi shi zai riƙa nuna wa ƙannensa.

Ku bar wurin kafin a tashi gaba ɗaya. Bayan hawa samari kan saki dawakai da babura a tituna, lokacin ne haɗari ya fi yawa.

Mataki na huɗu: safiya a hubbaren Tafawa Ɓalewa, sannan masa

Wannan fita ce ta cikin gari, mai sauƙin kuɗi, ta dace da ranar da kowa ya gaji. Hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana kan titin Ran. An haife shi a 1912, ya koyar a makarantar Midil ta Bauchi, ya zama Firayim Ministan Nijeriya a 1957, shi ya karɓi 'yancin kai a 1960, aka kashe shi a juyin mulkin Janairun 1966. An buɗe ginin hubbaren a 1979. Kafin ku shiga ka ciro takardar naira biyar, in ka samu, ka nuna wa yara fuskarsa.

Ginin kansa darasi ne. Ana shiga ta wani dogon lungu mai duhu, haske yana ƙaruwa a hankali, har a fito fili inda kabarin yake, sama a buɗe ba rufi. Masu kula da wurin za su gaya muku cewa duhun zamanin mulkin mallaka yake nunawa, hasken kuma 'yanci. Kabarin ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Akwai kuma ɗakin da aka ajiye hotuna da wasu kayayyakin da ya yi amfani da su, yara za su ga yadda mutumin da ya riƙe ƙasar nan duka ya rayu da abu kaɗan. Ka nemi mai yi muku bayani, ka kuma sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Tunda lokacin hutu ne, a tambaya tun jiya ko za a buɗe. A ja wa yara kunne su rage hayaniya, kabari ne, a yi wa mamacin addu'a.

Daga nan sai masa. Duk inda Bahaushe yake ya san masar Bauchi, kuma baƙon da ya zo Sallah bai ci ta ba, da saura. A ci ta da zafinta, da miyar taushe ko da yaji da ƙuli, yara kuma wasu sun fi son ta da sukari ko zuma. Masu sana'ar da yawa kan huta a ranar Idi su dawo washegari, kuma da safe ta fi samuwa. Mai son tsaraba, kilishi ko dambun nama, ya leƙa wajajen kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal in an buɗe.

Wuraren wasan yara na cikin gari, masu lilo da jirgin juyi, suna cika maƙil da la'asar a kwanakin Sallah. In dole sai an je, a je da hantsi, ka kuma duba lilon da idonka kafin ka ɗora ɗanka. Dam ɗin Gubi da ke ba garin ruwan sha yana jan samari a wannan lokaci. Wurin kallo ne daga nesa, kada a bar yaro ya shiga ruwan ko da ya ce ya iya iyo.

Mataki na biyar: Yankari

Wannan ita ce babbar tafiya, kuma rana guda cur take ci. Kada a haɗa ta da gaisuwar surukai ko kallon hawa.

Gandun dajin Yankari yana ƙaramar hukumar Alƙaleri, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido a 1962, ya zama na gwamnatin tarayya a 1991, ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006. Daga Bauchi za ka kama hanyar Gombe har Dindima, inda gadar kogin Gongola take, ka karya dama ka nufi ƙauyen Mainamaji, a nan ƙofar shiga take. Ga inda baƙi ke ruɗewa: isa ƙofa ba isa Yankari ba ne. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai sauran kimanin kilomita 42 a cikin daji. Duka-duka tafiyar ta ɗan haura kilomita 100, ka ba ta awa biyu ko fiye. Ka cika tanki tun daga Bauchi.

Ku tashi da an sallame Asuba. Dalili shi ne ana fita kallon namun daji da safe da kuma la'asar, lokacin da dabbobi ke motsi. Wanda ya iso da tsakar rana zai tarar sun shige inuwa. A ƙofa ana biyan kuɗin shiga na kowane mutum da na mota, shiga daji da jagora kuma kuɗinsa daban, don haka ka riƙe tsabar kuɗi, sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a can. Mai niyyar kwana ya kama ɗaki tun kafin Sallah. In aljihu zai ɗauka, kwana ɗaya ya fi, domin za ku sami fitar la'asar da ta safe duka, yara kuma su yi wanka ba gaggawa.

Kada ka yi wa yara alkawarin giwa. Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, amma dajin da faɗi, su kuma ba a ɗaure suke ba. A bazara, lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suka taru a bakin kogin Gaji, damar ganinsu ta fi yawa. In damina ta sauka ruwa ya wadata ko'ina, sai su bazu. Zaki kuwa saura kaɗan ne ƙwarai, kada ma a sa rai. Abin da za ku iya gani shi ne gwambaza, mazo, gwanki, ɓauna in an dace, dorina da kada a ruwa, tsuntsaye iri-iri. Ka ce wa yaran, "Za mu je mu ga abin da Allah ya nuna mana," sai kowace dabba ta zama riba. A cikin motar daji ba a sauka sai jagora ya ce, ba a ihu, ba a miƙa hannu waje.

Gwaggon biri da mugun dawa kuwa ba sai an shiga daji ba, a tsakar sansanin za ku same su. Ka ɗauki maganar birai da gaske. Sun saba da mutane, sun san leda, sun san kula, suna buɗe ƙofar mota da ta ɗaki in ba a kulle ba, kuma sun fi raina mata da yara. Kada yaro ya riƙe biskit ko ayaba a hannu yana yawo. A ci abinci a cikin ɗaki ko a wurin cin abinci, a rufe gilasan mota, kada kuma a ba su komai. In biri ya fizge leda a bar masa, ba a kokawa da shi. Wanda aka ciza ko aka yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa nan take, a nufi asibiti a ranar.

Sai ruwan Wikki, wanda shi ne abin da yara za su fi tunawa. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani dutse, garai-garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa kuma digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Ana sauka wurinsa ta matakala masu tsayi, a riƙe hannun ƙanana da tsofaffi. Kusa da bakin dutsen ruwan yana da zurfin da zai shanye babba, can ƙasa kuma ya yi faɗi ya rage zurfi, a nan yara za su tsaya. Dole babba guda ya kasance a cikin ruwan tare da su, wani kuma a bakin gaɓa yana gadin kaya saboda birai. Wanda ke gadin yara ba ya ɗaukar hoto, ba ya duba waya. A kwanakin Sallah wurin yakan cika da samari daga azahar zuwa la'asar. Iyalin da ke son sakewa, musamman mata da 'yan mata, su shiga da hantsi da an dawo daga daji. A taho da kayan wanka masu sutura, tawul, da kayan canji ga kowa.

In da sauran lokaci, ku leƙa ɗan gidan tarihin da ke sansanin, inda aka ajiye fatu, ƙasusuwa, hauren giwa da tarkunan da aka ƙwace daga mafarauta. Akwai kuma kogunan Marshall, wato ɗakunan kogo da mutanen zamanin dā suka sassaƙa a jikin dutse, sai dai zuwa can sai da jagora, kuma ya fi dacewa da yaran da suka tasa.

Guzuri: ruwan sha fiye da yadda kake zato, abincin da ba ya saurin lalacewa kamar soyayyen nama, dambu da cincin, hula ko laima, gishirin ORS, maganin zazzaɓi na yara, maganin sauro ga masu kwana, da tabarmar sallah. Shinkafa da miyar da aka dafa tun asuba ta yini a but ɗin mota cikin zafin Maris, ita ke kawo gudawa a hanyar dawowa.

Ku bar sansanin da an yi la'asar, domin ku fita daga daji ku hau babban titi da sauran haske. Hanyar Gombe tana cika da motoci a kwanakin Sallah. Ka ajiye lambar jami'an kiyaye haɗura, 122, da ta agajin gaggawa, 112, a wayarka da ta uwargida.

Mataki na shida: in Yankari ta yi nisa

Mai jarirai ko tsofaffi, ko wanda aljihunsa bai kai ba, ya kama hanyar Kano ya nufi gandun Sumu a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Ya fi kusa, ya fi ƙanƙanta, kuma a nan ake ganin raƙumin dawa da jakin dawa, daga cikin dabbobin da aka kawo daga ƙasar Namibiya a 2006. Ga yaro ɗan shekara huɗu, raƙumin dawa guda da ya gani da idonsa ya fi masa giwar da aka yi ta nema ba a gani ba. A nan ma sammako ne, kuma a taho da abinci da ruwa daga gida.

A kan hanyar akwai garin Kafin Madaki, inda gidan Madakin Bauchi yake, ginin ƙasa na wajajen 1860 da ake danganta shi da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin da ya gina tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Yana cikin gine-ginen tarihi da gwamnatin tarayya ta keɓe. Ku tsaya a zaure ku ɗaga kai ku dubi yadda aka ɗaure bakan gizon rufin da azara da ƙasa. Gidan sarauta ne mai mutane a ciki, don haka a yi sallama, a gaida na ƙofa, a nemi izini kafin a shiga ko a ɗauki hoto. Tafiyar Sumu da Kafin Madaki tana yiwuwa daga safe zuwa azahar, a dawo gida a yi wa yara wanka su kwanta, da la'asar a ƙarasa gaisuwar gwaggo da kawun da ba a samu zuwa ba ranar Idi.